Filin Tambaya da Amsa: Dashbod na nuna -40, AC kuma ya daina sanyi

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filin namu na matsalolin mota. Wasiƙu uku ne suka zo kan abu ɗaya, wato sensar nan da take auna zafin waje, shi yasa na haɗe su waje guda, ta farkon ce za ta ci mana fili don ita ce mai haɗarin asarar kuɗi.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah taimako nake nema akan motata, tsohuwa ce ƙirar 2004 amma injin lafiya ƙalau, to kwanakin baya na lura lambar nan da take nuna zafin waje a dashbod ta fara rawa, yanzu ka ga 31 anjima ka ga 12 anjima kuma ta dawo, ban damu ba tunda mota na tafiya, sai ranan na tada mota na ga -40 ta tsaya cak a nan har da wani ɗan hoton ƙanƙara a gefe alhali rana ake ƙwallawa gumi na zuba, kuma tun daga ranan AC ya daina sanyi sai iska mai ɗumi yake hurowa. Na kai wajen mai AC ya ƙara gas ba canji, yanzu cewa yake wai a ja wa kwamfiresa waya kai tsaye daga batir a sa mata makunni daban, wani kuma yace birenbos ne ya tafi sai an canja. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shin lambar nan tana da alaƙa da AC ɗin ne ko matsala biyu ce ta haɗe min? Na gode.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko dai dan Allah kar ka bari a ja wayar nan, kuma kar ka sayi birenbos, wato kwamfutar motar, tsaya tukuna. Kwamfiresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin AC, tana da abubuwan da suke tsaronta, akwai mai kashe ta in matsin gas ya yi yawa ko ya yi kaɗan, akwai mai kashe ta in ƙanƙara ta fara kama wajen da sanyin ke fitowa a cikin dashbod, sannan a motoci da yawa kwamfutar motar ce ke tada fanka lokacin da ta kunna AC. Ranar da aka ja mata wuta kai tsaye duk an tsallake waɗannan, za ka ji sanyi na ɗan lokaci kana murna, daga baya kwamfiresar ta ƙone ko tiyo ya fashe, gyaran gangar auzinawa kenan. Ballantana an riga an ƙara gas a kan wanda wataƙila dama cike yake, kaga matsin ya riga ya hau.

Alamun da ka faɗa kuwa duk hanya ɗaya suka nuna. Sensar zafin waje ɗan ƙaramin abu ne na baƙar roba, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, waya biyu ce kawai ke shiga cikinsa. Abin da ke ciki yana yi wa wuta turjiya, in gari da sanyi turjiyar ta ƙaru, in da zafi ta ragu, ana auna ta da om. Kwamfutar motar tana tura wuta kamar bolt 5 ta waya ɗaya, ɗayar kuma nagetif ce, sai ta duba yadda wutar ta sauya ta mayar da shi lamba ta nuna maka. To yanzu ka yi tunani, in waya ta yanke ko soket ya fice, wuta ba ta wucewa ko kaɗan, a wajen kwamfuta wannan turjiya ce da ba ta da iyaka, ita kuma abin da ta sani shine turjiya mai yawa sanyi ne, sai ta ba ka lamba mafi sanyi da take da ita, wadda a motoci da yawa -40 ce. Ko ka juya ma'aunin daga C zuwa F lambar ba za ta motsa ba, don a -40 ne ma'aunan biyu suke haɗuwa. In kuma wayoyin biyu ne suka goge suka haɗe, ko mai kawo wutar ta taɓa bodin mota, sai abin ya juya, ta ba ka lamba mafi zafi, a BMW E46 misali +50 take tsayawa. Wasu motocin ma ba sa ba da lamba, 'yan layuka kawai za ka gani a wajen.

Saboda haka birenbos ɗinka aikinsa yake yi daidai, ya faɗa maka hanyar wuta ta katse. Rawar nan da lambar ta yi kafin ta tsaya ita ce ta fi ba ni ƙarfin gwiwa, haka waya ke yi in ta kusa rabuwa, tana taɓawa tana saki, har ranar da ta saki gaba ɗaya.

Alaƙarsa da AC kuwa, motocin da suke da AC mai sarrafa kansa, wanda kake sa masa lamba kamar 22 ya ci gaba da kansa, suna amfani da zafin waje wajen lissafi, kuma da yawansu ba sa barin kwamfiresa ta tashi in zafin waje ya sauko kusa da sifili, don a irin wannan sanyin babu amfanin ta yi aiki, illa ma za ta jawo. Motarka yanzu ta yarda cewa a -40 take, me zai sa ta kunna maka sanyi? Wata ma ɗumi za ta dinga turo maka wai tana taimakonka. Hoton ƙanƙarar nan gargaɗin santsin hanya ne, yana fitowa in lambar ta sauko wajen digiri 3 ko 4. Amma ka riƙe wannan, ba kowace mota ce ke kashe kwamfiresa saboda sensar nan ba, musamman masu AC na murɗawa da hannu, don haka in an gyara lambar ta dawo daidai kuma har yanzu ba sanyi sai a koma kan fis da rile da kulocin kwamfiresa da matsin gas. Sai dai yadda abubuwan biyu suka faru rana ɗaya a wajenka, ni ina kyautata zaton abu ɗaya ne.

Yanzu neman ta. A yawancin motoci tana gaba ne, bayan ragar da ke jikin bamba, a gaban kondensa (mai kama da lagireto, inda gas ɗin AC ke hucewa) da lagireto inda iska ke fara bugawa, wasu an kai ta ƙasan bamba ta gefen taya, Peugeot da Renault da Citroën kuma da yawa a ƙarƙashin madubin gefe suke sa ta, za ka ga ɗan ƙullutu a ƙasan madubin. Ka kashe mota ka zare makulli ka bari injin ya huce, don fanka tana iya tashi da kanta ko mota a kashe in injin da zafi, kuma yatsa ba ya dawowa. Sannan a wajen nan na gaba akwai sensar balan-balan ɗin hatsari, soket ɗinta yawanci rawaya ne, wannan ko da wasa kar a zare shi kuma kar a sa masa mita.

Ka haska fitila ka duba da ido kafin komai, sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. Tsohuwar mota an sha cire mata bamba, ko fenti ko an ɗan goge ta ko an canja kondensa, sai a mayar da bamba a manta da soket ɗin yana lilo. Wani lokacin ma sensar ce babu ita gaba ɗaya, ta faɗi a hanya sai guntun waya. In tana nan ka danna ɗan harshen soket ɗin ka zare a hankali, robar ta tsufa tana karyewa, ka leƙa ciki. In ka ga wani gari kore-kore ko fari a kan ƙananan ƙarafan, ko ɗaya ya yi baƙi ya lanƙwashe, to ruwa ya daɗe yana shiga. Daga nan ka kama kowace waya da yatsu biyu ka ɗan ja ta a hankali kana matsawa daga bakin soket zuwa sama, waya mai lafiya ba ta miƙewa, wadda tagullar cikinta ta karye kuwa za ka ji tana miƙewa kamar roba duk da bawon waje bai nuna komai ba, kuma galibi dab da soket ɗin take karyewa don nan ne iska da girgiza suke kaɗa ta shekara da shekaru. Ga masu sensa a madubi, wajen karyewar shine cikin robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da bodi, don kullum ana buɗewa ana rufewa. Kar a manta da ɓera ma, yana cin waya.

In ido bai kama komai ba sai mita, kowane mai rewaya yana da ita, kai ma za ka iya in kana da ita. Gwaji biyu ne, ɗaya na sensar ɗaya na wayar motar, kuma ni na fi son a yi duka biyun ko da na farko ya nuna laifi.

Na sensar, ka sa mita a kan om ka taɓa ƙarafanta biyu. Lambar da ya kamata ka gani ta danganta da motar, wasu wajen om 2,000 suke bayarwa a digiri 25, wasu wajen om 10,000, littafin gyaran motar ne zai faɗa maka takamaimai. Amma ko ba littafi za ka gane, in mita ta nuna babu hanya kwata-kwata ko ta nuna kusan sifili to sensa ta mutu. In ta ba da lamba sai ka dunƙule kan sensar a tafin hannunka kana kallon mita, lambar ta dinga sauka a hankali ba tsalle-tsalle, sannan ka tsoma kan nata kawai a ruwan da ke cike da ƙanƙara, ban da wajen soket, ruwan nan yana wajen digiri 0, lambar ta dinga hawa har ta kai kamar ninki uku na abin da take bayarwa a digiri 25. In tana hawa tana sauka sumul haka, sensarka lafiyarta ƙalau, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Na wayar kuma, sensa a zare, a murɗa makulli wuta ta kawo amma kar a tada injin, a sa mita a kan bolt a taɓa ramukan soket ɗin biyu a hankali ba tare da an cusa tsinken mita da ƙarfi ya buɗa su ba. Ya kamata a ga kusan bolt 5. In ba a gani ba sai a ɗora baƙin tsinken a kan nagetif na batir, jan kuma a gwada ramukan ɗaya bayan ɗaya, in 5 ɗin ta fito a ɗaya to wayar nagetif ce ta yanke, in ba ta fito a ko ɗaya ba to mai kawo wutar ce, sai a bi ta a nemo inda ta katse. Sai an tabbatar wayoyin nan biyu lafiya suke tun daga soket har inda suka shiga kwamfutar, sannan ne ma za a fara zancen birenbos ko allon dashbod, kuma ba kasafai ake kaiwa nan ba. Dan Allah kar a yi gwajin nan da ƙwan fitilar da wasu ke gwada wuta da shi, kuma kar a kawo wutar batir a zuba wa wayar wai a ga ko za ta motsa, layin bolt 5 ne, bolt 12 na iya lalata abin da dama lafiyarsa lau.

Akwai wata dabara mai kyau in ana son a tabbatar, a samu rezista, wato ɗan abin nan mai yi wa wuta turjiya tsayayyiya, mai ƙimar da ta yi daidai da ta sensar a digiri 25 a soka a soket ɗin a madadinta, in dashbod ya dawo wajen 25 kuma kwamfiresa ta yi ƙas ta kama, shikenan an san waya da kwamfuta lafiya. Wannan gwaji ne kawai, kar a naɗe shi da tef a bar shi a nan a ce an gyara, don daga ranan motar ta makance ga yanayi.

In akwai sikana ma, wato na'urar da ake jonawa ta karanto lambobin matsala daga kwamfutar mota, ya fi sauƙi, motocin Amurka daga 1996 da na Turai masu fetur daga 2001 suna da ramin jona ta da ake kira OBD2, lambobin da suka shafi sensar nan sune P0070 zuwa P0074, P0072 wuta ta yi ƙasa wato alamar haɗewar waya, P0073 wuta ta yi sama wato yankewa, P0074 mai zuwa tana ɗaukewa. Sai dai a tsofaffin motoci da yawa sensar ba ta bi ta kwamfutar injin ba, kai tsaye take shiga allon dashbod ko kwamfutar AC, to ƙaramar sikana ba za ta ga komai ba, kar wani yace maka tunda ba lamba ba matsala.

Gyaran kansa ba wuya. Soket mai tsatsa a fesa masa maganin wanke soket a goge da ƙaramin buroshi a bari ya bushe, in ƙarafan sun cinye a canja soket ɗin da guntun wayarsa. Waya in ta karye a yanke har inda tagulla ke sheƙi, a haɗa da dalma a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, murɗawa da hannu a naɗe da tef a gaban mota inda ruwa ke bugawa ba ya daɗewa, kuma haɗin da ya yi tsatsa da kansa yana ƙara turjiya ya sa lambar ta yi ƙarya. A mayar da sensar mazauninta na asali a ɗaure wayar kar ta dinga kaɗawa. In ka tada mota ka ga lambar ba ta gyaru nan take ba kar ka tsorata, wasu sai an ɗan yi tafiya na wasu mintuna tukuna, wasu sai motar ta kwana a kashe. Bayan nan ka koma wajen mai AC ya sa geji ya duba matsin, in gas ɗin da ya ƙara ya yi yawa ya rage.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tawa in na ajiye ta a rana na dawo sai na ga ta nuna 47 ko 48, in na fara tafiya kuma sai ta dinga sauka har wajen 38, kuma kullum ta fi abin da wayata ke nunawa. Maigidana yace sensar ce ta lalace a canja. Haka ne?

AMSA: Hajiya barka kadai, a gaida maigida amma a bar sensar nan, aikinta take yi. Masu hasashen yanayi a inuwa suke aunawa, a tsayin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa, taki kuwa tana dab da kwalta mai zafi a bayan bamba da rana ta gasa, ga injin a kusa, dole ta fi. In kin hau hanya iska ta buge ta sai ta faɗi gaskiya, bambancin digiri 2 ko 3 da na waya ba komai bane. Masu ƙera mota sun san da haka shi yasa da yawa suka sa lambar tana saurin sauka amma ba ta hawa sai mota na gudu. Abu ɗaya zan ce a duba, in kin ga a cunkoso lambar na ta hawa sosai musamman in AC na kunne, to a leƙa ko sensar ta fice daga maƙalinta ta koma tana lilo a jikin kondensa ko lagireto, mayar da ita kawai za a yi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe na canja sabuwar sensa amma kullum lambar tana ƙasa da gaskiya da kamar digiri 8, safe da rana duk haka. Sannan motar tana shan mai fiye da da, ko ita ce ke jawowa?

AMSA: Tare da naka Malam. Abu biyu nake zargi. Ko dai sensar da aka ba ka ba ta motarka bace, don da yawa kamarsu ɗaya soket ɗinsu ma ɗaya amma turjiyarsu daban, shiga soket ba shine dacewa ba, sai ka duba lambar da ke jikin tsohuwar ka gwada da ta sabuwar, ko ka auna su biyun da mita a waje ɗaya in tsohuwar na da sauran rai. Ko kuma akwai tsatsa a soket ko a wani tsohon haɗin waya, tsatsa turjiya take ƙarawa, ƙarin turjiya kuma kullum ɓangaren sanyi yake jan lambar, wanda ya yi daidai da abin da kake gani. Wasu motocin Honda suna ba da damar a gyara lambar daga dashbod amma digiri 3 ne iyaka sama ko ƙasa, 8 ta wuce nan.

Shan mai kuwa ka nemi dalilinsa a wani wajen. Sensa uku ce ake yawan rikitawa, akwai ta ruwan injin wadda ke jikin injin kusa da inda babban tiyon lagireto ya fito, akwai ta iskar da injin ke shaƙa wadda ke kan bututun iska bayan matatar iska, sai wannan ta waje. Biyun farko ne kwamfuta ke dogaro da su wajen auna mai, ta ruwan in ta yi ƙaryar cewa injin da sanyi mota za ta dinga zuba mai kamar yanzu aka tada ta da asuba, har ka ga baƙin hayaƙi. A sa sikana da safe kafin a tada injin, bayan motar ta kwana, a karanta ukun, ya kamata su zo kusa da juna tunda duk zafi ɗaya suka kwana a ciki, wadda ta yi nisa da sauran ita za a fara bi.